Fatar Akuyar da Ta Tsare Ni a Libiya

A Agadas aka fara cutar da ni, kuma wallahi ban ji haushin mutumin ba kamar yadda na ji haushin kaina. Wani mai farar shadda ne, Hausa a bakinsa tas, ya ce shi ne wakilin direbobi. Ya karɓi jakata wai zai kama mini wuri a gaban mota. Har yau yana can yana kama wurin. Abin da ya rage mini shi ne fasfon da ke aljihun ciki, da jarkar ruwa, da wani ɗan buhu da na zuba sifanuna na rataya a wuya. Ni fa, Hamisu Sifana na kasuwar Jahun, mai cika baki cewa ba a haifi wanda zai yi mini wayo ba.

Sifanun nan na Baffa Sale ne, ƙanin mahaifina. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya koya mini gyaran inji a rumfarsa ta casar shinkafa, sannan ya ɗauki 'yarsa Hajara ya ba ni. Da na ce zan tafi Libiya in nemo abin sayen injin kaina, bai hana ni ba. Ya dai ce, "Shekara ɗaya ka ce ko? To, na ji."

Ba zan cika ku da labarin hamada ba, duk wanda ya ƙetare ta ya ba da irinsa. Mun zauna a bayan a-kori-kura, ƙafafu a waje, kowa da sanda a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Rawanina yana cikin jakar da aka gudu da ita, rana ta fara dafa mini fuska tun ranar farko. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta raba mayafinta biyu da haƙori, ta miƙo mini rabi. A Gatrun ta sauka, bayan mun shiga Libiya. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

A Sabha, babban garin kudancin Libiya, akwai wani bakin titi inda masu neman aiki ke zama tun asuba. Kowa yakan ajiye alamar sana'arsa a gabansa: magini da cokalin gini, mai fenti da buroshi, wanda ba shi da sana'a da shebur. Ni na jera sifanuna a kan buhu, daga ƙarami zuwa babba, yadda Baffa ke jera su. Kwana goma sha ɗaya ina zaune, ina cin burodi da ruwan famfon masallaci. A rana ta goma sha biyu wata farar mota ta tsaya, wani dattijo mai ɗan gemu ya leƙo, ya dubi sifanun, ya dube ni, ya yi mini alama in shiga. Shi ne Hajj Miftah.

Mun yi awa uku muna tafiya, rabinta babu kwalta. Muka wuce shingaye biyu na masu bindiga, Hajj yana ɗaga musu hannu kawai. A ƙofar gona ya karɓi fasfona, ya nuna mini da hannu cewa ajiya ce, ya sa a aljihu. Ban ji komai ba a lokacin. Idona yana kan koren da ke gabana, domin rabona da ganin ganye tun Damagaram.

Gonar katanga ce zagaye, ƙofa ɗaya. Ciki dabino ne ɗaruruwa, da ciyawar dabbobi, da awaki. Waje kuwa yashi ne ko ta ina ka juya. Duk abin da ke numfashi a wurin nan rijiyar burtsatse ɗaya yake sha.

"Sannu da zuwa, Bakano."

Na juya da sauri. Wani dogon mutum ne baƙi, mai furfura a gefen kai, yana riƙe da sandar kiwo. Na ce masa ni ba Bakano ba ne, mutumin Jigawa ne. Ya ce, "Duk wanda ya fito ƙasan Maigatari Bakano ne, kada ka wahalar da ni." Wannan shi ne Malam Idi, mutumin wani ƙauye kusa da Magarya, makiyayin awakin Hajj. Shekararsa tara a gonar. Shi ya zama tafintana, shi ya ba ni bargo, shi ya koya mini cewa in Balarabe ya ce maka "bukra", wato gobe, to ka nemi wurin zama.

Washegari aka kai ni gaban abin da aka ɗauko ni dominsa. Injin ban-ruwa ne mai shan gas, an ɗora shi a kan gadon ƙarfe a bakin rijiya. Da aka tayar da shi sai gadon ya kama kakkarwa, bututun ruwa yana bugawa, har a tafin ƙafarka kana ji. Malam Idi ya ce duk sati biyu sai waldar bututun ta tsage. Sun zuba siminti, ya fashe. Sun sa tsofaffin tayoyi a ƙasa, sun ɗaure gadon da sarƙa, duk a banza. Makanikai uku aka kawo kafin ni.

Sai na ji dariya tana neman kufce mini, domin na san ciwon nan tun ina ɗan shekara goma sha uku.

Baffa yakan ce rawar inji ba a kashe ta, ba a ɗaure ta, sai dai ka samo wanda zai karɓe ta. A rumfarsa akwai wani abu da yake kira ɗan rawa. Falle ɗaya ne na sifirin mota, ka ɗaure gindinsa tam a jikin gadon inji, daidai inda rawar ta fi ƙarfi, ka bar ɗaya bakin a sake. Sai ka maƙala masa guntun ƙarfe mai nauyi wanda za ka iya matsarwa gaba ko baya. Ka tayar da inji, ka ɗora kofin ruwa a kan gadon, ka dinga matsar da nauyin kaɗan-kaɗan. Akwai wani wuri guda, bai fi faɗin yatsa ba, inda saurin lilon ƙarfen zai zo daidai da saurin bugun injin. Da ka kai wurin, ɗan rawa zai haukace, yana kaɗawa har ba ka ganinsa sosai, gadon kuma ya yi tsit. Ruwan kofin ya kwanta kamar ba a kan inji yake ba. Daga baya wani injiniya a Dutse ya ce mini a boko ma suna da shi, har da lissafinsa, manyan masana'antu suna sa wa injinansu. Baffa dai da kunne da kofi yake yin nasa.

Amma abin yana da sharaɗi. Sauri ɗaya ya sani. In aka ƙara wa inji totur ko aka rage, ko ruwan rijiya ya ja baya nauyin aikin ya canza, to sai an sake daidaita shi. In ba haka ba, maimakon ya karɓi rawar sai ya ƙara mata.

Kwana biyu na yi ina haɗa shi da tarkacen wata matacciyar mota da ke bayan rumbu. A rana ta uku na ɗora kofin shayi a kan gadon, na matsar da nauyin, shayin ya kwanta. Hajj Miftah ya ɗora hannunsa a kan bututu ya daɗe bai ɗauke ba. Sai ya rungume ni.

A nan ne Shaiɗan ya same ni.

Ɗan rawan Baffa a Jahun kullum a ɗinke yake cikin jar fata. Mutanen kasuwa sukan ce Malam Sale ya ɗaure injinsa da laya, shi kuma ba ya ce musu e, ba ya ce musu a'a. Ni tun ina yaro na ɗauka sirrin gidanmu ne, ba a nuna wa bare. Kuma na yi tunanin in Balaraben nan ya gane sifirin ne da guntun ƙarfe, gobe zai mayar da ni bakin titi. Sai na roƙi Malam Idi wata fatar akuya da ya jeme, na ɗinke nauyin da notinsa da jan zare, ya fito sak ƙatuwar laya. Duk ranar da zan daidaita shi sai in kori kowa, in tsuguna, in dinga motsa baki. Abin da nake karantawa kuwa shi ne kiran 'yan kamasho a tasha: Jahun, Kiyawa, Shuwarin, Dutse, saura mutum ɗaya.

Da Hajj ya tambayi mene ne a ciki, na ce wa Malam Idi, "Ka faɗa masa gadon gidanmu ne. Hannuna kaɗai yake ji."

Malam Idi ya dube ni. "In faɗa masa haka?"

"Faɗa masa mana."

"Bakano, haka ɗin zan faɗa?"

Na ce, "Kai tafinta ne ko alƙali?"

Ya juya ya faɗa. Hajj ya gyaɗa kai a hankali, ya ja da baya taku ɗaya daga jikin injin.

Wata bakwai na yi ina shan daɗin ƙaryata. Aka fitar da ni daga ɗakin leburori aka ba ni nawa, har da fanka. In an yanka akuya, ni ake kawo wa hanta. Da sanyi ya shigo Hajj ya ba ni kwat ɗinsa. Haƙƙina kuwa bai taɓa riƙewa ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Na dinga aika wa Hajara, ina hawa saman tankin ruwa, inda nan ne kaɗai ake samun sabis, ina ba ta labarin yadda Larabawa ke ce mini injiniya.

A wata na takwas na bi direban Hajj zuwa Sabha sayo kayan gyara, muka kwana biyu. A bayana wani lebura ya ga tanki bai cika da wuri ba, ya murɗa totur. Ɗan rawa ya fita daga saurinsa, bututu ya ɓalle daga gindi, ya fasa bakin rijiya. Kwana uku babu ruwa, ga zafi. Ciyawa ta ƙone, ƙananan dashen dabino suka mutu. Leburan bai faɗi abin da ya yi ba, ni ma da na dawo na ga totur ɗin ban ce komai ba, domin in na faɗa asirina ne zai tonu. Na gyara, na mayar da komai, na karanta Jahun da Kiyawa.

Abin da Hajj ya fahimta ɗaya ne: Hamis, kamar yadda yake kirana, ya fita ƙofa, rijiya ta fashe. Daga ranar ban ƙara taka wajen katangar nan ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Shekara ta cika, na ce zan je gida. Ya ce bukra. Bayan girbin dabino na sake magana, ya ce bukra, in sha Allahu, ya aiko mini da sabuwar waya. Ba ya zagi, ba ya duka. In na matsa, sai ya kama hannuna ya kai ni cikin dabino, ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ya ce mahaifinsa ne ya dasa, ina so su mutu? Mai gadi kuwa ya san umarnin da aka ba shi. Ko direba zai fita, sai an leƙa bayan mota.

Na san tsawon katangar nan da ƙafa, na san inda bulo ɗaya ya fi sauran duhu. Na yi shekara biyu ban ga hadari ba. Abin da na fi kewa, kada ku yi dariya, shi ne ƙaiƙayin ɓuntun shinkafa a wuya da yamma, da hayaniyar mata a rumfar Baffa kowace tana cewa ita ta riga zuwa. Da Hajara, wadda hirarta a waya ta dinga gajarta. Da can sai caji ya ƙare muke sallama. Daga baya sai "Lafiya lau", "Suna gaishe ka", sai mu yi shiru, ina jin kukan kaji a tsakar gidanmu.

Na taɓa ce wa Malam Idi zan haura katanga in bi sawun mota da ƙafa. Yana tatsar akuya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Mutum biyu na sani sun yi haka. Ɗaya aka gani."

Kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah, a shekara ta uku, na hau tanki na kira gida don gaisuwar Sallah. Baffa ne ya ɗauki wayar Hajara.

"Hamisu."

"Na'am, Baffa. An yi Sallah lafiya?"

"Shekara ɗaya ka ce."

"Baffa, wallahi mutumin ne..."

"Na ji labarin mutumin. Kai ɗana ne, ita ma 'yata ce. Yarinyar nan ba ta kawo mini ƙara ba, ko sau ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Ba abinci take nema ba, muna da shi. Ba zan bar ta a rataye ba, ba ta ga aure ba ta ga zawarci. In Sallar Layya ta wuce ban gan ka a ƙofar gidan nan ba, ni da kaina zan kai ta gaban alƙali a raba. Ka ji da kyau?"

Na ce na ji. Baffa ba ya magana biyu, kowa a Jahun ya sani. Na zauna a kan tankin nan ƙarfe yana ƙona ni, na yi kuka kamar yaron da aka ƙwace wa nono. Saura wata biyu da 'yan kwanaki, hanya kaɗai za ta ci kusan sati uku.

Da na sauko na wuce kai tsaye wurin Hajj. Lokacin na iya Larabcin da zai ishe ni. Na ja shi gaban injin, na sa wuƙa na farke fatar, na jefar da ita ƙasa. Na ce, "Hajj, duba. Sifirin motarka ne. Wannan kuma guntun ƙarfe ne. Babu laya, babu aljani. Ƙarya na yi maka." Na ba shi labarin totur. Na miƙa masa sifana na ce ya gwada da kansa.

Ya karɓa. Ya kwance noti, ya tura nauyin da yawa, gadon ya kama rawa. Ya dawo da shi, ya wuce wurin, rawar ta ƙaru har shayi ya zube. Ya yi sau huɗu. Na karɓa, abin da hannu ya saba, cikin ɗan lokaci komai ya kwanta. Hajj ya yi murmushi irin na wanda ya kama yaro da ƙarya. Ya ɗauki fatar ya kakkaɓe, ya miƙo mini, ya ce, "Ka gani? Hannunka kaɗai yake ji. Kai ka faɗa." Ranar da na yi masa ƙarya ya yarda nan take. Yau ga gaskiya tsirara a gabansa, ya ce dabarar gudu ce.

Hanya ɗaya ta rage, in koya wa wani har Hajj ya gani da idonsa. Amma har lokacin ina jin sirrin na Baffa ne, ga shi na riga na ɓata masa rai. Sai na sake hawa tanki.

"Baffa, izini nake nema. Ina so in koya wa wani sirrin ɗan rawa."

"Wane sirri?"

"Na cikin fata."

"Fata? Kai, Hamisu! Fatar da na sa don kada ɓuntu ya cika bakin noti? Da kuma don ƙarfen ya taɓa yage wa wata mata zane ta kusa cinye ni da masifa? Shekara goma sha biyu kana gabana, ka taɓa tambayata? Wa ya taɓa tambaya na hana shi?"

"Mutane suna cewa laya ce, ba ka musa ba."

"In tsaya musu da 'yan kasuwa ko in yi casa? La'ilaha illallahu. Wato abin da ya zaunar da kai ke nan?" Na ji yana sauke numfashi. "Koya wa duk wanda ka ga dama. Ko jaki ne, in zai tsaya."

Leburori babu wanda ya yarda. Duk sun ga abin da ya same ni, wa zai sa wuyansa? Na bi su ɗaya-ɗaya, har wanda ya murɗa totur ɗin, ya ce gara ya koma ɗaukar taki.

Da la'asar ina zaune a inuwar rumbu, Malam Idi ya zo ya jingine sandarsa ya zauna.

"Bakano, wai wane aljani ne Kiyawa?"

Na dube shi.

"Tun watan farko na ji ka. Na ce wannan aljanin da ake kira da saura mutum ɗaya, lalle ɗan tasha ne." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Tashi ka nuna mini."

Na san abin da ke ransa game da gida. Duk shekara Malam Idi yakan ce baɗi zai tafi, amma a bana da gaske yake. Hajj ya riga ya yarda, ya ce makiyayi ba ya wuyar samu. Har ƙunshin tsarabarsa na gani a ƙarƙashin gadonsa.

Na ce, "Malam Idi, ka san abin da zai biyo baya?"

"Ni na yi maka tafinta ranar da ka ɗaura wa kanka igiya. Sau biyu na tambaye ka."

"To tafiyarka fa?"

"Kai ana ƙirga maka kwana. Ni matata ta rasu tun kafin in fito, ba mu samu haihuwa ba. Babu mai ƙirga mini. Baɗi ma rana ce."

Na so in ƙi. Wallahi na so. Amma ban ƙi ba, kuma ban ƙara yi masa wata tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Hannunsa na makiyayi ne, sifana tana zame masa, amma kunnensa ya fi nawa. Mutumin da ke gane akuyar da ba ta da lafiya daga kukanta. Na koya masa: in inji ya ƙara sauri, ka matso da nauyin ciki, in ya rage, ka fitar da shi waje. Kaɗan-kaɗan, kamar kana sa gishiri a miya. Idonka a kan kofi, ba a kan ƙarfe ba. Na nuna masa yadda ake duba gindin sifirin, domin a nan yake fara tsagewa in ya gaji, na yanka masa guda uku na ajiya. Sati uku muka yi, yana kuskure ina masifa, yana ce mini Bakano sarkin gaggawa.

Hajj ya ce sai ya gwada. Ya sa direba ya kai ni gidansa na Sabha, aka ajiye ni a ɗakin baƙi kwana goma, mai gadi a ƙofa. Shi kuma kullum sai ya je ya murɗa totur da hannunsa, ya tsaya yana kallon Malam Idi. A rana ta goma sha ɗaya aka dawo da ni. Ruwa yana zuba, bututu lafiya, kofin shayi a kan gado ko motsi ba ya yi.

Hajj ya ciro fasfona ya ba ni, ya haɗa mini da kwalin dabino da takardar da zan nuna a shingaye. Na sa fasfon a aljihun ciki. Sai na dubi injin, na ga an mayar da fatar akuyar, an ɗinke ta da jan zare. Hajj ne ya sa. Ya dafa kafaɗar Malam Idi ya ce mini, "Na gode da ka ba shi hannunka." Wato har yanzu bai yarda sifirin ne da ƙarfe ba. A ganinsa asirin ne ya tashi daga kaina ya koma kan wani.

A ƙofa Malam Idi ya miƙo mini ƙunshin nan na ƙarƙashin gado. Ya faɗi sunan ƙauyensu, ya ce a kan hanyata yake, in tambayi gidan su Idi Dogo, in ba duk wanda na tarar. Ya ce, "Ka gaida aljanin Kiyawa." Mai gadi ya rufe ƙofa yana ciki.

Kwana goma sha tara na yi a hanya. Daga Damagaram na hau motar Magarya, na sauka a bakin hanya, ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyen. Aka nuna mini gidan. Na yi sallama, wata tsohuwa ƙanƙanuwa ta fito tana dafa bango. Da na ce daga wurin Idi nake, sai ta kama hannuna da hannu biyu, ta ja ni ciki. Mahaifiyarsa ce.

Ta nuna mini wani ɗaki da aka yi wa sabuwar jinka, an share ƙofarsa. Ta nuna mini rago ɗaure a turke. Ta ce tun bara ya aiko cewa bana a gida zai yi Layya, shi ya sa ta hana a sayar. Ta shafa ƙunshin, ba ta kwance ba. Ta leƙa bayana, wajen ƙofa.

"Yana bayanka ne, ɗana?"

Ni mai baki, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Na ji bakina ya ce, "Yana nan tafe, Inna, in sha Allahu." Irin maganar da Hajj ya shekara biyu yana faɗa mini. Ta sa aka dama mini fura, na sha.

Na shigo ta Maigatari, na iso Jahun ana saura kwana huɗu Sallah. Baffa yana rumfa, fari fat da ɓuntu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ka dawo da sifanuna?" Na miƙa masa buhun. Ya ƙirga su, sannan ya juya baya yana goge ido da hannun riga, ya ce in wuce gida ana jirana. Hajara tana nan, yanzu haka tana cikin gida, 'ya'yanmu biyu.

Yau ina da rumfata a Limawa, cikin Dutse. Na haɗa wa masu niƙa da masu ban-ruwa ɗan rawa da yawa, daga Kiyawa har Jahun, kuma ko ɗaya ban rufe da fata ba. In ɓuntu ya cika noti, a goge. Duk wanda ya tsaya kallo sai na kira shi na nuna masa, ko bai tambaya ba, har ana cewa Hamisu Sifana ya cika surutu.

Duk Juma'a bayan an sauko ina kiran Malam Idi. In ya samu hawa tanki, yakan ɗauka. Sallar Layya uku ke nan. Na faɗa masa na ga ɗakin, na ga ragon, na ce me ya sa ya ce babu mai ƙirga masa kwana. Ya ce da ya faɗa mini, da na yarda na tafi? Ni da shi duk mun san ko da ya faɗa, da na tafi.

Juma'ar da ta wuce na sake matsa masa. Na ce, "Malam Idi, don Allah ka yi yadda na yi. Akwai sababbin leburori. Ka samu ɗaya ka koya masa, ka taho. Inna tana nan tana jira."

Ina jin ƙarar injin a bayansa, lafiya lau, ba ya ko bugawa.

Ya ce, "Akwai su. Akwai wani ɗan Tasawa mai kai sosai, sati biyu zai iya. Yana da mata da 'ya'ya uku. To, Bakano, kai da ka san abin, faɗa mini. Wa zan ba?"

Na riƙe wayar a kunne har sabis ya ɗauke.